TSOFAFFIN HOTUNAN KOGIN BINUWAI DA MADUGAN DA SUKA NUNA HANYA

(Jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiya, ɗan kasuwa a Jimeta, ya gabatar a wajen taronmu na shekara.)

 

 Kwamiti ya ɗora mini in yi magana a kan tsofaffin hotunan nan guda uku da aka manna a jikin allo. Ni dai karatuna na Islamiyya ne, sauran kuwa a rumfar kasuwa na tsinta, saboda haka zan yi maganar ne irin ta mai awo da ƙidaya.

Ku dubi na farko. Kogi ne shimfiɗe, ga jiragen fito, ga mutane a gaɓa. Wannan wurin sunansa Tepe, inda kogin Faro ya zubo cikin Binuwai, gabas da Yola, wajen iyakarmu da Kamaru ta yau. Ranar da aka rubuta a kansa ita ce 18 ga watan Yuni, 1851. A ranar ne wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya tsaya a bakin ruwan. Ya taso daga Tarabulus tun 1850, shi da abokan tafiya biyu, Richardson da Overweg, a ƙarƙashin gwamnatin Ingila. Duk su biyun a ƙasar Barno suka mutu. Shi kaɗai ya koma gida, a 1855.

To, abin da ya kamata ku fara sani shi ne, wannan hoto ba da kyamara aka ɗauke shi ba. Barth da hannunsa ya zana a littafinsa na aljihu. Da ya koma Turai sai aka miƙa zanen ga wani gwanin zane mai suna Bernatz, wanda bai taɓa taka ƙasar Adamawa ba, shi ya gyara shi, ya sa masa launi, aka buga a cikin littafin tafiye-tafiyen Barth mai juzu'i biyar da ya fito a 1857 da 1858. Wato ke nan hoton ya bi ta hannu biyu kafin ya iso mana. Mu 'yan kasuwa mun san abin da ke samun kaya idan sun bi ta hannun dillali. Shimfiɗar kogi da tsarin wurin na Barth ne, a yarda da su. Amma tsayuwar mutane da lanƙwasar itatuwa, wannan a yi hattara, akwai gishirin mai zane a ciki.

Me ya sa Turawa suka damu da wannan kogi haka? Domin a zamanin, masanansu suna cikin ruɗani. Sun san bakinsa a wajen Lakwaja, inda ya haɗu da Kwara, suna kiransa Cadda, da yawansu kuma suna zaton daga tafkin Cadi yake fitowa. Da Barth ya gan shi a nan, yana tahowa daga kudu maso gabas yana yin yamma, sai ya gane wannan shi ne saman wancan kogin na Lakwaja, kuma jirgi zai iya shigowa daga teku har tsakiyar ƙasa. Ya kuma rubuta cewa sunan kogin daga harshen Bata ne, ma'anarsa uwar ruwaye.

A nan nake so in yi wa mutumin nan adalci, don na ji wasu samarinmu suna cewa ai ba abin da ya yi, kogin da kakannin Batawa suke su a ciki tun fil azal shi ne za a ce wani ya gano? Gaskiya ne, wanda ya zo ya tarar da masu fito suna jiran fasinja bai gano kogi ba. Masu fiton nan ma su suka haye da shi, da dawakinsa, da raƙumansa. Amma ya yi wani abu guda da ya kamata mu tsaya a kai. Ya auna, ya rubuta, ya sa kwanan wata. Ya ce faɗin Binuwai a mafitar ya kai yadi 800, zurfinsa a tsakiya ƙafa 11, kuma idan ruwa ya kawo yakan ƙaru da ƙafa 30, wani lokaci har 50. A kan hanya kuwa agogo da kamfas ne a hannunsa. Kowace kwana aka yi sai ya duba ya rubuta, minti kaza muka yi gabas, minti kaza kudu. Da wannan lissafi ne wani mai zana taswira a Jamus, Petermann, ya fitar da taswirar hanyar. Ba duka ya dace ba, don ya ƙiyasta tsawon dutsen Alantika da ido ya zarce yadda yake. Abin da ya auna ya tsaya, abin da ya kintata ya zame.

Ku riƙe maganar ƙafa 30 zuwa 50 ɗin nan. Waɗanda ambaliyar 2012 da ta 2022 ta cinye wa gidaje da gonaki a gefen kogin nan, Allah Ya mayar musu da alheri, duk bakinsu ɗaya, madatsar Lagdo. Ba shakka sakin ruwan Lagdo yana da nasa laifin. Amma an gama gina Lagdo ne a 1982, shi kuwa wannan awo an rubuta shi shekara 131 kafin nan. Kogin nan tun asali mai tashi ne, yana da makwancinsa na damina. Duk wanda dillalin fili ya kai shi fadama da rani ya nuna masa busasshiyar ƙasa a farashi mai sauƙi, to ya tambayi tsofaffin masunta inda ruwa yake kaiwa kafin ya ƙirga kuɗi.

Kwana biyu bayan hayewa, ranar 20 ga wata, Barth ya shiga Yola. Garin a lokacin shekararsa goma kacal, don Modibbo Adama ya kafa shi ne a 1841, ya rasu a 1847, ɗansa Lamiɗo Lawal ke kan gado. Barth ya ƙiyasta mutanen garin 12,000. Amma zaman bai yi daɗi ba. Ya zo ne tare da manzon Shehun Barno, ɗauke da takardun da suka taɓo rigimar iyaka tsakanin Barno da Fombina, ga shi kuma ba shi da takardar Sarkin Musulmi. Lamiɗo ya ce ya koma inda ya fito. Ranar 24 ga wata ya juya, zazzaɓi na cinsa. Shi Barth ya ji haushi ƙwarai. Ni kuwa a ganina Lamiɗo Lawal ya yi abin da mai gari zai yi. Baƙo ya zo maka a ayarin abokin jayayyarka, yana auna koginka yana rubutawa, kai ma sai ka tambaya.

Kuma tarihi bai ƙaryata shi ba. Hoto na biyu jirgin ruwa ne mai hayaƙi, irin wanda labarin Barth ya jawo. A 1854 gwamnatin Ingila ta turo jirgi mai suna Pleiad a ƙarƙashin wani likita, Baikie, ya hau Binuwai har ƙasar Muri, bai dai iso Yola ba. Abin da ya sa ake tuna wannan tafiya a tarihin likitanci shi ne kwinin. A tafiyar da suka yi a Kwara a 1841 Turawa fiye da 40 zazzaɓi ya kashe. Wannan karon Baikie ya sa kowa ya riƙa shan kwinin kullum tun kafin ciwo ya kama shi, aka je aka dawo ba wanda ya mutu. A lokacin ba su ma san sauro ne ke kawo cutar ba, sai a 1897 wani likita, Ronald Ross, ya tabbatar da haka a Indiya. Maganin da ya ceci rayuka, shi ne kuma ya buɗe wa Turawa ƙofar da zazzaɓi ya daɗe yana tsare mana. Bayan jirgin likita sai jirgin kamfani, wanda ya daɗe yana ciniki daga kan ruwa a nan bakin kogi. Bayan na kamfani sai na soja, a watan Satumba 1901, lokacin Lamiɗo Zubairu. Shekara 50 ke nan daidai tsakanin mai littafi da mai igwa.

Yanzu sai hoto na uku, wanda shi ne ya fi shafarmu. Wannan Baturen sunansa Robert Flegel, shi ma Bajamushe. A littattafan Turai shi ake ba lambar gano mafarin Binuwai, a tsaunukan da ke kusa da Ngaundare, a 1882, zamanin Lamiɗo Sanda. To, wa ya kai shi? Fatakenmu ne. Jagoransa wani madugu ne Bahaushe, Madugu Mai Gashin Baki, wanda ya shafe shekaru yana kai da kawo a kudancin Adamawa wajen fataucin hauren giwa. Shi ya san zango, ya san mashaya, ya san wane sarki ake gaisarwa da me, ya san watan da rafi kaza ba ya hayuwa. Jama'a, wannan ilmi ne ko ba ilmi ba ne? Madugu da jagabansa suna ɗauke da taswirar ƙasa sukutum a ka, daga Kano zuwa Bauci zuwa Yola zuwa Banyo da Tibati, ba takarda, ba kamfas, da dare kuma taurari suke dubawa.

Shi Flegel, a yaba masa, bai ɓoye su ba. A 1884 ya tafi da Mai Gashin Baki da wani madugun, Ɗan Tambari, har birnin Berlin. A 1885 kuma ya buga wani ɗan littafi a Hamburg mai ɗauke da labarin waɗannan abokan tafiya nasa Hausawa. Saboda haka ne yau muka san sunansu. Flegel ya mutu a Brass a 1886. Ku tambayi kanku, madugai nawa ne suka fi waɗannan sanin hanya, amma da yake ba wanda ya riƙe alƙalami a kusa da su, sunansu ya bi iska?

Haka labarin Dorugu yake, yaron nan Bahaushe daga ƙasar Damagaram da aka kama bauta, Overweg ya 'yanta shi, ya bi Barth har Tumbuktu, har Ingila. A can ya zauna da wani malamin mishan, Schön, yana ba shi labarai da Hausa ana rubutawa, aka buga su a littafin Magana Hausa a 1885. Yana cikin abubuwan farko da aka buga da Hausar boko. Dorugu ya ƙare rayuwarsa a Kano, yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa, ya rasu a 1912. Abokin tafiyarsa Abbega, mutumin Margi, ya yi sarautar Lakwaja, jikansa Maimaina kuma ya zama Sarkin Askira, nan maƙwabtanmu.

Sai dai kada mu ɗauki na daɗi mu bar na ɗaci. Littattafan nan da suka nuna ƙwazon fatakenmu, su ne kuma suka nuna cewa a cikin hajar wancan zamani akwai bayi, 'yan Adam da aka rabo da iyayensu daga ƙauyukan ƙasar nan. Barth ya rubuta yawan bautar da ya gani a Adamawa bai sassauta ba. Jikokin waɗanda abin ya shafa su ne maƙwabtanmu a Jimeta, muna ciniki da su kullum, wasu ma mun haɗa zuri'a. Idan muna alfahari da cewa kakanninmu sun daɗe a kan wannan hanya, kuma gaskiya ne sun daɗe, to mu faɗe shi da ladabi. Ƙasa ta masu ita ce, Batawa da Verre da Fulani da sauransu, sun karɓe mu, mun zauna, mun yi arziki.

Ga 'yan makaranta, littafin Barth yanzu yana intanet kyauta, har da hotunan, akwai ma na birnin Kano da ya zana daga kan Dala a watan Fabrairu 1851. Wanda ke son tarihin masarautar nan daga bakin ɗan ƙasa kuwa, ya nemi littafin Farfesa Sa'ad Abubakar a kan Lamiɓen Fombina, na 1977.

Abin da ya rage shi ne roƙon da kwamiti ya ce in isar. Kusan kowane gida a cikinmu akwai tsohon akwati ko adaka mai ɗauke da hotuna: na zuwa Hajji a mota ta Sudan, na kwatar jirgi lokacin da ake lodin gyaɗa da auduga da damina, na fito kafin a gina gada, na shekarun da ruwa ya shigo unguwa. Gara tana ci, danshi yana ci, waɗanda suka san fuskokin kuma suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Don Allah kowa ya zauna da tsohonsa ko tsohuwarsa a makon nan, a juya bayan kowane hoto a rubuta sunan mutum, da wurin, da shekarar, da boko ko da ajami. A yi da fensir, don tawadar biro tana ɓullowa ta ɓata fuska. Wanda ya yarda ya kawo wa sakatare, za a ɗauki kwafi a gabansa a mayar masa da abinsa nan take. Na bakin kogi da na ambaliya su ake fara nema, a rubuta har da unguwar da ruwan ya tsaya.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.