Tauraron Sa'a



Wani dare na rani ina wani ƙauye na Fashaga, a jihar Gadarif ta Sudan, kusa da kogin Atbara. A waɗannan wurare akwai Hausawa da yawa, waɗanda kakanninsu suka yada zango kan hanyar Makka, suka zauna. Wani malamin makaranta ya kafa ɗan madubin hangen nesa a bayan gidansa, kusa da rumbu, ya auna wani tauraro mai haske ƙwarai wanda ba ya ƙyaftawa. Sunansa Mushtari.

Da na sa ido, sai ga shi kamar ƙaramin faifai, da ratsi biyu masu duhu a gicciye. A gefensa ɗigo huɗu na haske a jere, kowane kamar ƙwayar gero. Watanninsa ke nan. Wani mutumin Italiya, Galileo, ya gan su a Janairu 1610, da madubin da bai kai na malamin nan kyau ba. Kafin in gama mamaki faifan ya zame daga madubin, sai da aka ɗan tura shi, gama duniyarmu tana juyawa da mu ko da yake ba mu ji. Kashegari muka sake dubawa, ɗigon nan sun sake wuri. Na kusa da shi yakan kewaye shi cikin awa 42.

Akwai wani tsoho manomi a wurin. Ya duba, ya daɗe, sa'an nan ya ce, "Ashe wannan ne?" Ka san dalilin tambayarsa? Tun zamanin dā masu duba suna kiran Mushtari tauraron babbar sa'a. Tsohon nan ya sha biyan kuɗi a lissafa masa ranar shuka da ranar tafiya. Ban yi masa dariya ba. Baƙar ƙasar Fashaga tana ba da riɗi da dawa, amma tana bakin iyakar Habasha, kuma a ƙarshen 2020 rigimar iyaka ta tashi har da bindiga. Wanda ya shuka bai tabbata zai girbe ba, dole zuciyarsa ta nemi abin jingina.

To, dubi abin da ya jingina a kai. Mushtari yana da girma, gaskiya ne: duniya irin tamu 1,300 za su shige cikinsa. Amma iska ce tulin guda, babu inda za ka sa fartanya. Hasken nan ma ba nasa ba ne, na rana ne yake mayarwa, kuma yakan yi fiye da rabin awa kafin ya iso idonka. Yana kewaya rana cikin kusan shekara 12, bai taɓa iya ratse hanyar da aka sa masa ba. Bawa ne ƙarƙashin umarni. Yaya zai san sunan gonarka?

Kai fa, wa kake tambaya in tsoro ya kama ka? Wanda ya rataye Mushtari ya san ka, har ya aiko Ɗansa ya mutu domin zunubinka, ya tashi kuma. A Linjila ta hannun Matta, sura 2, akwai labarin waɗansu masanan taurari daga gabas. Tauraro ya kai su Baitalami, amma da suka shiga gidan, ga yaron nan Yesu suka durƙusa, shi suka ba kyautarsu.

Yau da dare, in gari ya yi garau, fita tsakar gida. Ko ba ka da madubi, ɗaga kai ka dubi taurari. Sa'an nan ka faɗa wa Mahaliccinsu damuwarka, ta gona ce ko ta zunubi, cikin sunan Yesu Almasihu. Yana ji, ba ya kuwa karɓar kuɗin duba.