Jawabin Babban Baƙo Mai Jawabi a Bikin Yaye Ɗaliban Sakandare na Batsari da Safana

 

Wakilan iyayenmu, Sarkin Ruma Hakimin Batsari da Yariman Katsina Hakimin Safana, Allah ya ja zamaninsu. Malamai, iyaye maza da mata, da 'ya'yanmu da ake yayewa yau, barkanmu da ganin wannan rana. Wanda ya san yadda karatu ya sha tsaiko a ƙauyukan da ke bakin dajin Rugu saboda rashin tsaro ya san ba da sauƙi yaran nan suka kai ƙarshe ba. Allah ya saka wa malamansu da alheri.

Ɗalibai za su yi mini afuwa, yau da iyayensu maza zan yi magana, ta bakin wani uba na cikin littafi.

A 1990 Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala, ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne. Uban gidan da ke ciki shi ne Alhaji Abdu, ɗan kasuwa a Kano. Ba matalauci ba ne, nan ne abin ya fi ciwo. Yana da hali, amma abin da yake ajiye wa matarsa Rabi na cefane ba ya kai su ko'ina, ga 'ya'ya tara. Hannunsa a waje yake buɗewa, wurin mata. Da ya auro Delu, rigima ta ɓarke tsakanin kishiyoyin, sai ya saki Rabi, ya kora ta har da yaran, kamar ba shi ya haife su ba.

Rabi ta kama sayar da abinci. Da wannan tukunya ta ciyar da su, ta riƙe karatunsu, har 'yarta Saudatu ta yi aure gidan rufin asiri. Shi kuwa gobara ta cinye masa shago, Delu ta juya masa baya.

Galibin masu karatu nan suke tsayawa su ce alhaki ya kama shi. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya biyo baya. Da Alhaji Abdu ya tsiyace, sai ga dangi sun taso Rabi gaba, a yi haƙuri, a koma, ai uban 'ya'yanta ne. Ƙarfin da aka sa wajen mayar da ita, da an sa rabinsa tun farko wajen tilasta masa ciyar da yaransa, da ba a kai nan ba. Mu ma haka muke yi. Muna ganin maƙwabci ya sayar da amfanin gona ya ƙara aure alhali yaronsa na gida an koro shi kan kuɗin jarrabawa, mu ce sha'anin gidansa ne.

Littafin nan Farfesa Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, aka buga a Indiya a 2012. Ina roƙon shugabannin makarantu su sa shi a ɗakin karatu.

Iyaye, Dutsin-ma ba nisa gare ta ba: ga Jami'ar Tarayya, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Don Allah duk wanda ɗansa ko 'yarsa ta ci jarrabawa, ya ware kuɗin rajista tun daga kakar bana, kafin a taɓa na wani abu.