Rumbun Bayanai da Albashin Malami



Sunayenmu, matakan albashinmu da zanen yatsunmu yanzu suna ajiye ne a cibiyar adana bayanai, gini cike da kwamfutocin da ba a kashewa dare da rana. Masana suna auna ingancin irin wannan cibiya da ma'aunin PUE: a raba dukkan wutar da ginin ya sha da wadda kwamfutocin kaɗai suka sha. Idan amsar ta kai 2, to rabin wutar ta tafi wajen sanyaya ɗakuna da makamantansu.

Sukan kuma yi alfahari cewa na'urorinsu suna aiki kashi 99.9 cikin ɗari na lokaci. Mu da muke koyar da lissafi mun buga: ragowar ta kusa awa 9 a shekara. Kaɗan ce a takarda, sai fa in ta faɗo ranar tantancewa, malama ta baro ajinta, ta biya kuɗin mota daga ƙauye, a ce mata babu sabis, ta dawo gobe.

Don haka muke roƙon reshe ya nemi a sanya awo na uku cikin kowace yarjejeniya: kwana nawa ake ɗauka kafin a maido da sunan malamin da ya ɓace daga jerin albashi.