Harshe Biyu a Kai Guda: Bahasi a kan Shirun Yaro a Aji



Mas'alar da na zo da ita ita ce ɗan shirun nan da yaro Bahaushe yake yi idan malami ya jefo masa tambaya da Turanci, ka ga leɓɓansa na motsi, idonsa na kan allo, amma kalma ta ƙi fita, shirun da galibi ake yanke wa hukuncin daƙiƙanci, alhali kuwa masana ilimin tunani sun daɗe da auna shi, sun kuma gano sababinsa. Willem Levelt, a littafinsa na 1989, ya kasa furuci mataki uku: mutum ya ƙudurta ma'ana, ya zaɓo kalma ya daidaita nahawunta da sautinta, sa'an nan gaɓoɓin baki su motsa. A 2004, shi da Peter Indefrey suka ƙiyasta cewa tsakanin ganin hoto da ambaton sunansa akwai kamar kashi 600 cikin 1,000 na sakan guda.

Mai harshe biyu kuwa aikinsa ya ɗara haka, domin harsunan nan ba sa kwanciya bi da bi, dukansu a farke suke, kowanne yana miƙo tasa kalmar, har David Green ya kafa ra'ayinsa a 1998 cewa dole ƙwaƙwalwa ta danne wanda ba a bukata kafin ɗayan ya sami hanya. Hujja mafi ƙarfi ta zo a 1999 daga Renata Meuter da Alan Allport, waɗanda suka sa masu harshe biyu suna faɗin sunayen lambobi, ana sauya musu harshe ba zato, sai aka iske komawa ga harshen da mutum ya fi gwanancewa ita ta fi jinkiri, saboda shi ne aka danne da ƙarfi tun farko. Albert Costa da Mikel Santesteban suka sake gwajin a 2004 da mutanen da suka ƙware a Sifaniyanci da harshen Katalan gaba ɗaya, sai wannan bambancin jinkiri ya ɓace. Ashe nauyin na wanda bai riga ya ƙware ba ne, watau ɗan shekara bakwai da muka ɗora wa koyon lissafi da danne harshen uwarsa a lokaci guda.

Da'awar Ellen Bialystok cewa harshe biyu yana kaifafa hankali akwai saɓani a kanta tun bayan raddin Kenneth Paap na 2013, ban kuwa jingina da ita ba.

Malamanmu na zaure, da ba su taɓa jin sunan Levelt ba, ba su taɓa hana Hausa shiga karatu ba: ɗalibi ya ja baƙi da Larabci, malam ya fassara gaɓa gaɓa, a haka aka yaye masu nahawu da balaga. Gwajin Ife da Farfesa Babs Fafunwa ya fara a 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida, ya nuna Turancinsu bai raunana ba.

To, me hukuma ta yi da wannan duka? Manufar ilimi ta 1977 ta yarda da harshen uwa a azuzuwan farko, amma ta ƙare a takarda, ba littattafai, ba malamai masu horo. A 2022 aka ce a koyar da yara da harshen uwa shekara shida, a 2025 aka soke, wai saboda faɗuwa jarrabawar WAEC da NECO. Ina roƙon wakilin ma'aikatar ilimi, in yana zauren nan, ya bayyana mana yadda yaron da bai wuce aji huɗu na firamare ba ya zauna wa WAEC har ya faɗi.