Waƙar Tara Kuɗi da Buhun Agaji: Me Mubi Ta Gani?



An ce in yi magana a kan ko bukukuwan da manyan mawaƙa ke shiryawa don tara kuɗi, da agajin da ke zuwa daga ƙasashen waje, suna rage talauci. Ba zan ɓoye amsata sai ƙarshe ba. Agaji yana hana mutuwa, yana kuma iya kawar da cuta. Amma fitar da gari daga talauci wani aiki ne dabam, kuma Mubi na cikin garuruwan da suka fi kowa sanin haka.

Wanda ya fi shahara cikin irin waɗannan bukukuwa shi ne Live Aid, wanda Bob Geldof da Midge Ure suka shirya ranar 13 ga Yuli, 1985, a filin Wembley na Landan da kuma birnin Filadelfiya na Amurka, saboda yunwar Habasha. An tara fiye da dala miliyan 100, kuma akwai waɗanda suka rayu albarkacin wannan kuɗi. Sai dai masu kallo an nuna musu fari ne kawai. Ba a nuna musu cewa gwamnatin Mengistu Haile Mariam tana yaƙi da 'yan tawayen Tigray da Eritiriya, tana amfani da yunwa a matsayin makami ba. A lokacin ne ta kwashi mutane kusan 600,000 daga arewa zuwa kudu da ƙarfin tsiya, dubbai suka mutu a hanya da wuraren da aka zube su. Ƙungiyar likitocin Faransa ta MSF ta buɗe baki ta faɗa, aka kore ta daga ƙasar a watan Disamba na 1985. Mawaƙi ba zai iya rera wannan bayani a kan dandali ba, domin da zarar ya ce yunwar ta siyasa ce, hannun mai bayarwa zai koma aljihu.

Bayan shekara 20, ranar 2 ga Yuli, 2005, aka sake yin wani mai suna Live 8. A daidai wannan mako yara na ramewa a Maraɗi, ƙasar Hausa. Fari da farin ɗango sun ɓata amfanin 2004, Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi ta roƙo ba a kula ta ba, sai da hotunan yaran suka fito a talabijin sannan kuɗi suka fara zuwa. A shekarar MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, akasarinsu a jihar Maraɗi, yayin da Shugaba Tandja Mamadou ke musun cewa ana yunwa. Abin lura shi ne akwai gero a kasuwannin Maraɗi; kuɗin saye ne babu a hannun talaka. Wannan shi ne abin da masanin tattalin arziki Amartya Sen ya kafa hujja a kai tun 1981: sau da yawa mutane na mutuwa da yunwa alhali abinci na jibge kusa da su.

To, mu dawo gida. Mu ma mun yi namu bikin, ko da yake na attajirai ne. Ƙarshen watan Yuli na 2014, Shugaba Goodluck Jonathan ya tara masu kuɗin ƙasar nan a fadar gwamnati don kafa asusun tallafa wa waɗanda ta'addanci ya shafa, ƙarƙashin Janar T. Y. Danjuma. A daren aka yi alkawarin sama da naira biliyan 58. Bayan shekara guda, abin da ya shiga asusun bai kai rabi ba, har Janar ɗin ya fito yana kokawa da masu alkawarin da suka yi shiru. Asusun ya yi ayyuka daga baya, ba na musun haka. Amma ku dubi kalanda: wata uku bayan liyafar, ranar 29 ga Oktoba, Boko Haram ta shiga garin nan na Mubi, ta sauya masa suna zuwa Madinatul Islam.

Da yawanku kuna cikin waɗanda suka fita a wannan rana, wasu ta duwatsu zuwa Kamaru, wasu a ƙafa ta daji suka nufi Hong da Gombi har Yola. Wa ya tarbe ku? Sansanonin Damare da Malkohi sun ɗauki kaɗan ne. Mafi yawan 'yan gudun hijira a gidajen dangi da na waɗanda ba su taɓa sani ba suka sauka, gida mai mutum goma ya koma na hamsin. Cocin Saint Theresa ƙarƙashin Bishop Stephen Mamza ya buɗe harabarsa, masallatai da ƙungiyoyin Musulmi suka yi nasu, Jami'ar Amurka ta Yola da kwamitin zaman lafiya na Adamawa suka riƙa raba masara. Manyan motocin ƙungiyoyin duniya sun iso daga baya. Har yau ba a shirya wa matar Jimeta da ta raba tukunyarta da baƙi talatin wani biki ba, kuma sunanta ba ya cikin rahoton kowa.

Da sojoji da maharba da 'yan banga suka ƙwato garin a tsakiyar Nuwamba, me ya dawo da mutane? Ku tambayi duk wanda ke da rumfa a kasuwa. Manoma sun koma gonakinsu na bakin kogin Yedzaram. Shanu sun sake shigowa kara daga Kamaru da Chadi, tireloli suka sake lodi zuwa kudu, mai shayi da mai dako da dillali da mai tuwo kowa ya samu abin sawa a baki. Jami'ar Jihar Adamawa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya suka buɗe, masu gidajen haya suka samu ɗalibai. Ko bayan bom ɗin masallacin Unguwar Shuwa a Nuwamban 2017 da na ranar 1 ga Mayu, 2018, kasuwa ba ta mutu ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Sannan ku auna abin da ke karya wannan gatarin. Rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, a garin da rayuwarsa ta rataya ga iyaka. Ƙarancin takardar naira a farkon 2023, a kasuwar da ake sayen sa da tsabar kuɗi. Cire tallafin mai a watan Mayu na shekarar. Gadar Kudzum ta hanyar Michika da ta yi shekaru a karye. Duk waɗannan a Abuja aka yanke su ko aka yi sakaci da su, kuma ba na jin akwai buhunan agajin da za su cike giɓin da suka bari a aljihun mutanen Mubi.

Kada a ce na raina agaji. Inda aka ba shi aiki ɗaya mai iyaka, wanda za a iya ƙirgawa, ya yi abin mamaki. A 1988 an ƙirga masu kurkunu fiye da 650,000 a Najeriya. Cibiyar Carter da Janar Yakubu Gowon suka bi ƙauyuka da matatar ruwa da wayar da kai, a 2013 aka tabbatar babu ita a ƙasar. Nau'in shan inna na daji ma haka, a Agustan 2020. Yafe wa Najeriya bashin dala biliyan 18 da ƙungiyar Paris Club ta yi a 2005 kuwa ya fi duk kuɗin da aka taɓa tarawa a wani dandalin waƙa, amma yau ga mu cikin bashin da ya fi na da. A nan ba Bature za mu tuhuma ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne sabo. A taron Oslo na Fabrairun 2017 an yi wa yankin Tafkin Chadi alkawarin dala miliyan 672, kuma tun daga lokacin gwamnatocinmu suka saba da cewa ciyar da yaro mai tamowa aikin ƙungiyoyi ne. A farkon 2025 gwamnatin Donald Trump ta rushe hukumar USAID, zuwa watan Yuli Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗin dakatar da tallafin mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabas. Ba a tambayi ra'ayin kowa a Madagali ba, domin ba su ke zaɓen shugaban Amurka ba. Shugaban ƙaramar hukumar Mubi ta Arewa da na Mubi ta Kudu kuwa mu muke zaɓensu, haka 'yan majalisar da ke sa hannu a kasafin Yola, kuma tun 2017 akwai dokar da ta kafa hukumar raya arewa maso gabas da kuɗin gwamnatin tarayya.

Saboda haka ina da roƙo ga malaman sashen tattalin arziki da ke zaune a nan. Ku tura ɗalibanku kara su gano nawa ake karɓa a kan kowane sa da kowace tirela, shingaye nawa direba ke biya kafin ya kai Yola, da kuma inda kuɗin ke shiga. Ku buga sakamakon da Hausa da Fulatanci, a karanta shi a rediyo kafin a zauna kasafin baɗi.