Ƙwayar Damina: Wa Ya Ce Tana Aiki?

Ga rubutun shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta ba su damar saurare ba.

Duk wanda ya tashi a Karaye ko Rogo ya san damina da sauro tare suke sauka, balle ƙauyukan da ke gefen dam ɗin Challawa. Kuma kun saba ganin masu bi gida-gida suna raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, wata-wata. To tambayar ita ce, yaya aka yi aka san maganin nan yana aiki?

Bincike ɗaya ba ya isa, tunda itace ɗaya ba ya zama kurmi. Masana sukan tattaro duk gwaje-gwajen da aka yi a kan abu, su tace su kamar yadda ake tankaɗe gari. Amma kafin su buɗe takarda ko ɗaya, sai su zana taswirar nazari. Kwamitin da ke ba da shawara kan rigakafi a Amurka ya yi suna wajen aiki da ita.

Ku ɗauke ta kamar sarƙa. Zobe na farko, su wa za a bai wa? Na biyu, me za a ba su, sau nawa? Na uku, ya rage kwanciya da zazzaɓi? Na huɗu, ya rage mai tsanani, irin mai kawo jijjiga da ƙarancin jini? Na ƙarshe, ya rage mutuwa? A gefe kuma akwai reshe guda: wace illa yake yi? Kowane zobe da tambayarsa, kowace tambaya da hujjarta. Ba a ɗaukar hujjar wani zobe a liƙa wa wani.

A 2012 ƙungiyar Cochrane ta fitar da irin wannan tacewa, ƙarƙashin Farfesa Martin Meremikwu na Jami'ar Kalaba. Gwaji 7, yara sama da 12,000, duk a Afirka ta Yamma. Mu ɗora sakamakon a kan sarƙarmu. Zazzaɓi ya ragu da kusan kashi uku cikin huɗu, mai tsanani ma haka. Mutuwa fa? Akwai alamar raguwa, amma yawan yaran bai kai a yanke hukunci ba, kuma masanan sun faɗi haka ƙarara. Illar da aka fi gani ita ce amai. A watan Maris na shekarar ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa rabawa a yankin Sahel.

Kun ga amfanin taswirar ke nan. Tana nuna inda hujja ta yi ƙarfi, da inda take rangwangwan.

Yanzu mu dawo gida. Maganin na kwana uku ne. Ranar farko a gaban mai rabawa ake sha. Rana ta biyu da ta uku kuwa, a hannun uwa aka bar su. Idan yaro ya yi amai aka tsorata aka ajiye sauran, ko aka adana wai sai ranar da jikinsa ya yi zafi, to zoben ya tsinke. Kashi uku cikin huɗun nan an same shi ne a gwajin da aka sa ido sosai a kan sha.

Don haka 'yan uwa, idan an raba a gidanku, tambayi Umma: ƙanena ya sha na yau? Idan ya amayar, a nemi mai rabawa ko asibiti mafi kusa. Kuma duk wanda ya turo maka saƙo a WhatsApp wai "bincike ya tabbatar", tambaye shi: ya tabbatar da me, a kan su wa, kuma illar fa?

Allah ya tsare mana yaranmu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.