Dillalin da bai tambaya ba, shi ma yana da laifi

 

Duk wanda ya taɓa kai dabba kara ya san ƙa'ida. Baƙo ya zo da saniya, dillali sai ya tambaya: kai wane ne, daga ina, wa ya san ka? In ya rufe ido ya karɓi la'ada, daga baya aka gano ta sata ce, to ba ɓarawo kaɗai za a nema ba. Wannan ƙa'idar ce ta kama masu kasuwannin kirifto, wato kuɗin intanet da wasunku ke canza naira da sefa da shi ta waya.

A watan Nuwamban 2023, kamfanin Binance, mafi girma a wannan harka, ya amsa laifi gaban kotun Amurka, ya yarda zai biya sama da dala biliyan 4. Hukumomin ƙasar sun ce hada-hada sama da 100,000 masu alamar tambaya suka wuce ta hannunsa bai kai rahoto ba. Shekaru da dama, da adireshin imel kaɗai mutum ke buɗe asusu. Shugaban kamfanin, Changpeng Zhao, ya sauka daga kujerarsa, an ci shi tarar dala miliyan 50, kuma a Afrilun 2024 aka yanke masa ɗaurin wata 4. Daga baya, a 2025, Shugaba Trump ya yi masa afuwa.

Ku lura fa, ba a ce ya saci ko sisi ba. Laifinsa shi ne bai kafa tsarin tantance masu shiga kasuwarsa da tushen kuɗinsu ba.

Guguwar ta iso kusa da mu. A Fabrairun 2024 Najeriya ta tsare jami'an kamfanin biyu a Abuja. Ɗaya ya tsere, ɗayan ya yi watanni a gidan yarin Kuje kafin a sake shi a Oktoba. A watan Maris na shekarar kamfanin ya daina hulɗa da naira.

To, ina ruwan mai shanu? Dillalin da ya ji tsoron kurkuku, tambaya zai tsananta. Yanzu in an ga alamar datti a kuɗin da suka shigo maka, ana iya rufe asusunka, ga jarinka a ciki, ga ranar kasuwa ta ƙarato.

Don haka, kar ka ara wa kowa katin shaidarka ko asusunka, ko ɗan ɗakinku ne. Kar ka karɓi kuɗin wanda ba ka sani ba don ɗan abin goro. Ka riƙa adana shaidar kowane ciniki. Kuma kar ka zuba kuɗin garke duka a waya guda.

Allah ya tsare mana dukiya, ya ba da kasuwa mai albarka. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.